Ga Shika Kusa, Ga Magani Nesa

Zariya na cikin garuruwan Arewa ƙalilan da za ka tarar da katin inshorar lafiya a aljihun mutane da dama. Dalilin a fili yake, gari ne na ma'aikatan gwamnatin tarayya. Ga Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyoyinta na bincike a Samaru da Shika, ga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama, ga cibiyar fasahar sufuri, ga barikin horar da kuratan soja, ga kuma asibitin koyarwa shi kansa, wanda ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika a 2005. Ma'aikatan jiha su ma suna da tasu hukumar inshorar, KADCHMA, wadda aka kafa da dokar 2018. Manyan likitocin da mutanen Funtuwa da Gusau da Birnin Gwari ke yin sammako su zo gani, mu kuɗin mota ɗaya ko biyu ne tsakaninmu da su. Idan a takarda ne, Bazazzagin da ke riƙe da kati ya fi yawancin mutanen Arewa maso Yamma gata.

Lissafin yana tafiya daidai muddin ciwon zazzaɓin cizon sauro ne, ko taifot, ko hawan jini, ko haihuwa, ko aikin ƙaba. Ranar da aka ce yaro na ɗauke da cutar da likitan da ya fara duba shi bai taɓa gani ba sai a littafi, ranar ake sanin inda katin ya tsaya.

Cututtukan da ba a cika gani ba suna da ma'auni. A Tarayyar Turai, cuta na shiga wannan rukuni idan ba ta kama fiye da mutum 1 cikin 2,000 ba. Amurka kuma, tun dokarta ta 1983 da gyaran da ya biyo baya, tana lissafa duk cutar da masu ita ba su kai 200,000 ba a ƙasar. An san irin waɗannan cututtuka kimanin 7,000, kuma idan aka tattara masu fama da su a duniya sun kai wajen miliyan 300. Kusan kashi 70 cikin ɗari na cututtukan gado ne, kuma yawancinsu tun ƙuruciya suke bayyana. Kowace ɗaya ƙalilan ce, amma jimillarsu ba ƙalilan ba ce. Ma'aunin kuma na wuri ne: sikila a Ingila cuta ce da ba a cika gani ba, a Najeriya kuwa ana haifar jarirai kimanin 150,000 da ita duk shekara, kuma da wuya ka sami unguwar da ba ta da mai ita. Don haka sikila, duk da wahalarta, tana da asibitinta, da ranarta, da likitocin da suka san ta ciki da bai. Waɗanda nake magana a kansu su ne waɗanda ba su da ko wannan gatan.

Bari in ɗauki guda ɗaya in bi ta daki-daki, domin ta fi kowace kusanci da al'adunmu: cutar rashin daskarewar jini, wadda likitoci ke kira himofiliya. A jinin ɗan Adam akwai sinadarai da ke haɗuwa su toshe rauni. Mai wannan cuta an haife shi da ƙarancin ɗaya daga ciki, galibi wanda ake kira fakto 8, wani lokaci fakto 9. Nau'in fakto 8 na samun kimanin namiji 1 cikin 5,000 da aka haifa. Ta wajen uwa take biyowa. Uwar da ke ɗauke da ita sau da yawa lafiyarta ƙalau, amma kowane ɗa namiji da ta haifa, rabi da rabi ne, ko ya ɗauko ko ya tsira.

A ƙasashen da ke da tsari, a asibiti ake gano ta. A nan, sau da yawa askar wanzami ce ke fara gano ta. An cire wa jariri beli, jini ya ƙi tsayawa. Ko an bari sai ya kai shekara shida ko bakwai, sanyi ya shigo, an haɗa shi da sa'o'insa an yi musu kaciya, kowa ya warke shi yana ta ɗiga har kwana uku. Wanda ya tsallake wannan, sai ya fara rarrafe gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ba tare da ya faɗi ba. Jini ne ke taruwa cikin gaɓar, amma wa zai kawo wannan a ransa? Sai a ce sanyin ƙashi ne, ko targaɗe. A kai wa mai ɗori ya murza, a sa ƙaho, wani ma a yi sakiya. A je kemis a yi masa allurar ɗuwawu, wurin allurar ya kumbura ya yi baƙi, a ba shi maganin ciwon jiki irin su asfirin ko diklofenak, waɗanda ke ƙara tsinka jinin. Kowa a cikin waɗannan mutane da niyyar taimako ya zo, kuma kowa ƙara ɓarna ya yi. Idan abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai zance ya koma jifa ne ko iska.

Yaron da Allah ya yi wa gyaɗar dogo ya isa gaban likitan jini, tambayar farko ba ta buƙatar na'ura.

"Hajiya, a cikin 'yan'uwanki maza, ko kawunnanki, akwai wanda ya rasu wajen kaciya, ko aka cire masa haƙori jini ya ƙi tsayawa?"

Sai ka ga uwa ta yi shiru, ta dubi mijinta, sannan ta ce, "Akwai ƙanena, likita. Amma cewa aka yi maita ce."

Daga nan sai gwaji. Na farko yana auna tsawon lokacin da jini ke ɗauka kafin ya daskare, kuma ba shi da wuyar samu a babban asibiti. Na biyu shi ne ke faɗin wane fakto ne ya yi ƙaranci da kuma yawan abin da ya rage, kuma a nan ake fara karo da bango, domin sinadaran gwajin daga waje ake kawo su, suna da tsada, suna lalacewa da wuri, kuma asibiti ba zai tara su don mutum biyu ko uku a wata ba. Wasu cututtukan ma sun fi haka nisa. Gwajin ƙwayoyin gado da ke tabbatar da ciwon shanyewar tsoka na yara, ko cututtukan da ke hana jiki sarrafa abinci, yawanci sai an ɗebi jinin an aika Afirka ta Kudu ko Indiya ko Turai ta hannun ɗakunan gwaji masu zaman kansu, a biya da farashin dala, a jira makonni. Kuma inshora ba ta san ciwo ba sai da suna. Kafin a sami sunan, kuɗin gida ya riga ya tafi wajen nemansa.

Yanzu mu dubi katin kansa, yadda aka ƙera shi. Shirin inshorar lafiya na ƙasa an yi dokarsa a 1999, ya fara aiki a 2005, sannan a Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da shi hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshora a kan kowa. Duk da wajabcin, zuwa ƙarshen 2024 waɗanda ke da inshora ba su wuce wajen miliyan 20 ba, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na 'yan ƙasa, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun majinyata yake fita. Wanda ke ciki, ga yadda abin yake. Zai zaɓi asibiti guda a matsayin na farko. Wannan asibitin ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane kai da ya yi rajista da shi, ko mutum ya zo ko bai zo ba. Shekara da shekaru kuɗin nan naira 750 ne, sai a 2024 da 2025 aka ɗaga shi. Idan ciwo ya fi ƙarfin matakin farko, sai a nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wato HMO, kafin a tura mutum wajen ƙwararre, kuma wannan matakin ana biyan kowane aiki ne bisa farashin da hukuma ta yanka. Magani kuma sai wanda ke cikin jerin hukumar, majinyaci ya biya kashi 10 cikin ɗari.

Duk wanda ya taɓa zama a bencin teburin inshora na wani babban asibiti ya san yadda lambar nan ke cin rana. Uba na riƙe da fayil da takardar likita, ma'aikaciya ta tura saƙo, ana jiran amsa daga wani ofis a Abuja ko Legas. "Baba, ka ɗan ƙara haƙuri, ba su turo ba tukuna." Ga mai jiran aikin ido na wata mai zuwa, wannan ɓacin rai ne kawai. Ga yaron da jini ke taruwa a gwiwarsa, kowace awa tana cin gaɓar, domin maganin ya fi amfani idan an ba shi cikin awanni biyun farko. A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su riƙa ba da lambar cikin awa ɗaya, wanda ya nuna ita ma ta san da matsalar. To amma a ce lambar ta zo cikin minti biyar, izinin me ta bayar? Izinin ganin likita, da gado, da gwaje-gwajen da ke cikin jeri. A ƙa'idojin da aka daɗe ana aiki da su, kwanciya a asibiti tana da iyakar kwanaki 21 a shekara, hoton na'urorin zamani irin su siti-sikan rabi ake biya, wankin ƙoda 'yan lokuta ne kawai, dashen gaɓoɓi da manyan ayyukan zuciya na yaran da aka haifa da tawaya kuma an cire su gaba ɗaya. Magungunan cututtukan da muke magana a kai, mafi yawansu ba su ma shiga jerin ba balle a yi gardama a kansu.

Akwai wata iyakar da ta fi shafar gidajenmu. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi, da mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu na cikinsa 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu da 'ya'ya tara sai ya biya ƙari a kan sauran, kuma da yawa ba sa yi sai ciwo ya zo. Wanda ke ciki ma, ranar da ya cika 18 ya fita, alhali cutar gado ba ta san ranar haihuwa ba. Idan ya sami gurbi a jami'a, akwai shirin ɗalibai da zai riƙe shi na 'yan shekaru, shi ma da tasa iyakar. Idan uban ya yi ritaya, wani sabon lissafin ne.

Ni a ganina an gina abin ne a juye. A ce 'yan kasuwar Sabon Gari sun kafa asusun taimakon juna, kowa na zuba nasa duk wata, sai aka rubuta cewa asusun zai sayi ƙwan lantarki idan ya mutu, zai gyara kwaɗon da ya lalace, amma idan gobara ta cinye shago babu ruwansa. Ƙwan lantarki ai kowa zai iya saye. Abin da ya sa ake haɗa kuɗi shi ne masifar da ba ta cika zuwa ba, wadda idan ta zo mutum ɗaya ba zai iya ɗauka ba. Inshorarmu ta ƙware wajen biyan abin da ma'aikaci zai iya biya da kansa ko da zai ji jiki, ta janye hannu daga abin da zai sa ya sayar da gida.

Sai dai adalci ne a faɗi cewa waɗanda suka tsara ta ba mugunta ce ta sa su ba, lissafi ne. Mu ƙaddara wata cuta na kama mutum 1 cikin 10,000, kuma jinyarta na cin naira miliyan 10 a shekara. Idan mutum miliyan 10 ne a asusu ɗaya, za a sami masu ita wajen 1,000, kuma abin da zai hau kan kowane mai zubi naira 1,000 ne a shekara, ana iya hasashensa tun kafin shekara ta kama. Amma asibitin da ke da mutum 2,000 a rajistarsa, a tsohon farashi naira miliyan ɗaya da rabi yake karɓa a wata. Majinyaci ɗaya irin wannan zai lashe kuɗin fiye da rabin shekara. Ƙaramin asusu ba shi da zaɓi sai ya guje shi. Mu kuwa asusunmu a daddatse yake: na tarayya daban, na kowace jiha daban, na soja daban, na ɗalibai daban, ga kamfanoni barkatai a tsakani. Sannan inda shiga ganin dama ne, masu lafiya ba sa shiga, sai wanda ya riga ya san yana da ciwo, asusun ya cika da masu cira ba masu zubi ba. Wajabta inshora da dokar 2022 ta yi amsar wannan ce, amma wajabci a takarda bai sa mai kayan miya a Tudun Wada ko manomin Giwa ya zuba ko sisi ba.

Akwai kuma hujjar da masu tsara kasafi ke kawowa, wadda ba a iya watsar da ita da hannu ɗaya. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya mai cutar da ba a cika gani ba na shekara, zai sayi gidan sauro da maganin zazzaɓi na ƙauye guda. Maganin nan Zolgensma na shanyewar tsokar jarirai, da ya fito a Amurka a 2019, dala miliyan 2.1 aka sa masa. Ba wanda ke da hankali da zai ce KADCHMA ta saya. Ƙasar da ta yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za ta ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, ta kuma shafe shekaru tana yawo a wajen kashi 5, dole ta zaɓa. Inda na rabu da masu wannan hujja shi ne yadda suke jefa cututtuka 7,000 a kwando ɗaya su liƙa musu farashin mafi tsada. Da yawa maganinsu ba na miliyoyin dala ba ne. Jaririn da aka haifa maƙoshinsa ba ya fitar da sinadarin girma, ƙwaya ce mai araha kullum za ta hana shi taɓuwar ƙwaƙwalwa, in an gano da wuri. Mai ciwon raunin tsoka da ke sa fatar ido ta riƙa faɗuwa da yamma, akwai tsohuwar ƙwaya da ke tashinsa ya koma aiki. Yaron da ƙwayar idonsa ke haske fari kamar na kyanwa da dare, wata alama ce ta kansar ido ta yara, kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa na nan Kaduna. Wanda aka kai da wuri ana ceton ransa. Abin da ke kashe waɗannan ba tsadar magani ba ce, jinkiri ne da rashin hanya.

Mu koma kan yaronmu. Maganinsa shi ne a zuba masa fakton da ya rasa ta jijiya. Ana auna shi da nauyin jiki: yunit ɗaya na fakto 8 a kan kowane kilo yana ɗaga shi a jini da kimanin kashi 2 cikin ɗari. Yaro mai kilo 25 da gwiwa ta kumbura, ana so a kai shi wajen kashi 40, ke nan yunit 500 a tashi ɗaya. Jiki kuma yana cinye rabinsa cikin awa 8 zuwa 12, don haka sau da yawa sai an maimaita. Wanda cutarsa ta yi tsanani yakan zubar sau da dama a wata. Kwalbar ba a yin ta a Najeriya, a firiji take zama, da dala ake sayenta. Dalar da take wajen naira 460 kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a 2024, a daidai lokacin da manyan kamfanonin magani irin su GSK suka tattara nasu ya nasu suka bar sayarwa kai tsaye a ƙasar. Mai albashi mafi ƙanƙanta na naira 70,000 ba ya cikin wannan ciniki, kuma gaskiya ko farfesa ba ya ciki.

To da me ake rayuwa? Da kyauta. Ƙungiyar himofiliya ta duniya da ke Kanada tana karɓar fakto daga kamfanoni ta rarraba wa ƙasashe marasa ƙarfi, kuma a Najeriya gidauniyar masu cutar, wadda aka kafa a 2005 kuma cibiyarta ke nan Kaduna, ita ce ke tsaye wajen ganin ya isa sassan kula da jini na manyan asibitoci. Irin wannan hanyar ce ta riƙe masu wani nau'in kansar jini mai tafiyar hawainiya: tun 2003 ake ba da maganin Glivec kyauta, amma shekaru da yawa sai mutum ya je asibitin koyarwa na Ile-Ife ya karɓo. Ka auna mutumin Soba ko Ikara da ba ya jin Yarbanci ba ya jin Turanci, ya kwana a hanya, ya kwana a can, ya dawo, kuma ya sake komawa idan maganin ya ƙare. Magani kyauta ne, kuɗin mota ne ke raba wasu da shi. Da babu gara ba daɗi, amma kyauta ba ta da ranar zuwa. Idan ta yanke, sai a koma ga ruwan jini da aka daskarar, wanda sai an zuba leda da yawa kafin a sami abin da ƙaramar kwalba ɗaya ke bayarwa, ga neman masu ba da jini, ga fargabar abin da ledar ke ɗauke da shi.

A nan ne wani abu da mutane ke rainawa yake da nauyi, wato shiga rajista. Masu ba da kyauta da adadin sunaye suke aiki. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ya kamata a ce masu himofiliya sun kai dubbai masu yawa, amma waɗanda aka tabbatar aka rubuta ba su kai kashi 10 cikin ɗari na abin da lissafi ke nunawa ba. Sauran suna ƙauyuka da gurguwar ƙafa, ko suna maƙabarta da sunan wani ciwon. Gwamnati ma ba za ta ware kuɗi don mutanen da ba ta ƙirga ba. Uban da ya ɓoye ciwon ɗansa don kada a ƙi auren 'yan'uwansa mata, ina fahimtarsa, domin mun san yadda magana ke yawo a gari, kuma mun san yadda dangin miji ke juya wa uwa baya da zarar an ce ta wajenta abin ya biyo. Amma ya kamata a sani, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar babu wanda ya taɓa yin ta a danginsu, sabon sauyi ne a halitta. Kuma wannan cutar ba ruwanta da auren zumunci, sabanin wasu cututtukan gadon da sai uwa da uba duka suna ɗauke da su, waɗanda auren dangi ke ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Cakuɗa biyun ya raba aure ba gaira ba dalili.

Batun ƙwararrun su kansu gajere ne kuma sananne. Ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen 16,000 sun bar ƙasar cikin 'yan shekaru, kuma waɗanda suka rage sun fi taruwa a Legas da Abuja. A fannonin da dama can mutum biyu ko uku ne a asibiti, tafiyar ɗaya na nufin ranar asibitinsa ta koma sau ɗaya a mako, layi ya koma na watanni. Duk da haka, ina ganin gaggawar da ake yi a ce sai Indiya ko Masar ta fi yawa. Cutar da za a rayu da ita har abada ba a warkar da ita da tafiya ɗaya. Mutum ya sayar da gona ya je ya dawo da takarda da maganin wata uku, sannan ya dawo hannun likitan nan na gida da ya tsallake. Abin da ya fi sauƙi shi ne a roƙi babban likitan da ke duba yaron ya rubuta cikakken rahoto, a aika wa wani ƙwararre a Kano ko Ibadan ko waje ta intanet, a ji ra'ayinsa kafin a taɓa kadara. Likitocin nan sun san junansu, tare suka yi jarrabawa. Dillalan asibitocin waje kuwa kamasho suke ci a kan kowane kai.

Gidan da ya sami kansa a wannan hali, fayil ɗinsa dukiyarsa ce. Kowane sakamakon gwaji a ɗauki hotonsa a waya, a sa likita ya rubuta sunan cutar da ainihin sunan maganin a takarda guda da yaro zai riƙa yawo da ita, domin ranar da ya faɗi a makaranta ko ana yajin aiki aka kai shi wani asibitin, takardar ce za ta hana a yi masa allurar tsoka. A tambayi likita kai tsaye ko akwai shirin kyauta na wannan cutar, don ba kowane ne zai tuna ya faɗa ba a ranar da mutum hamsin ke jiransa. Asibitocin koyarwa suna da sashen jin daɗin majinyata da ke duba halin marasa ƙarfi. Idan kamfanin inshora ya hana abin da ke cikin jeri, a nemi ya hana a rubuce, a kai ƙara ofishin hukumar na jiha. Da yawa ba su san suna da wannan haƙƙin ba. Idan kuma ta kai ga neman taimako a masallaci ko rediyo ko Facebook, ya fi tsafta a nemi asibiti ya ba da ƙiyasin kuɗi a rubuce, a biya cikin asusunsa, saboda 'yan damfara sun ɓata wannan hanyar har mai gaskiya na shan tuhuma. Masu fitar da zakka su ma akwai abin dubawa: an fi son a biya aiki ɗaya a ga an warke a ɗauki hoto, alhali mai cutar gado kuɗin mota da maganin kowane wata yake buƙata, abin da waƙafi ya fi dacewa da shi.

Gwamnati ta riga ta nuna ta san hanyar. Asusun tallafa wa masu kansa da ya fara aiki a 2021 da asibitoci shida, har da na Shika, kuɗi ne da aka ware gefe guda don ciwo mai tsada, duk da cewa kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza kawai ya fara ɗauka. Dokar 2022 ma ta tanadi asusun marasa galihu, ga kuma kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta keɓe. Abin da ya rage shi ne asusu ɗaya na ƙasa baki ɗaya, sama da kamfanoni da jihohi, wanda zai ɗauki zaɓaɓɓun cututtukan da maganinsu ke aiki kuma farashinsu ke iya ɗaukuwa, ya sayi maganin a dunƙule don ya sami rangwame, ya ajiye a cibiyoyi ƙalilan masu firiji da wutar da ba ta yankewa. Shika ta cancanci zama ɗaya, don dama nan ake zuwa.

Matakin da jihar Kaduna da masarautar Zazzau za su iya ɗauka ba tare da jiran Abuja ba ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Wanzamai suna da shugabanninsu, ungozomomi suna da masu horar da su. A zaunar da su kafin sanyi ya shigo, a koya musu tambayar nan da likitan jini ke yi game da kawunnan yaro, da tambayar ko cibiyarsa ta yi ta zubar da jini bayan haihuwa, ko jikinsa na yin tabo baƙi ba dalili. Duk yaron da aka ce e a kansa, a ajiye aska, a tura shi gwajin daskarewar jini tukuna, a yi masa kaciyar a asibiti bayan an tanadi fakto.